Watan da Na Kulle Rediyon Ladi

Lahadi, 15 ga Afrilu 1984, bayan la'asar

Kwana ashirin da shida ke nan da Baban Ladi ya ɗauki jakar kayan gyaransa ya ce min yana zuwa. Na yi wa kaina alkawari ba zan riƙa ƙirga kwanaki ba, ga shi da ƙirgan na fara. Littafin nan na tsara darasin aji huɗu ne, amma tunda ba ni da wanda zan faɗa wa magana a Boɗinga yanzu, ya zama nawa.

Ladi tana tsakar gida da rediyo a cinya. Shekararta goma sha uku, kuma duk ranar Lahadi ƙarfe huɗu da rabi ko gobara ake yi ba ta tashi, saboda shirin gaishe-gaishe na gidan rediyon Sakkwato. Mutum ya sayi kati, ya rubuta sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya jefa a gidan waya, a karanta duniya ta ji. Ubanta ne ya koya mata. Shi ya sa mata sunan da take amfani da shi a can, Ɗiyar Mai Rediyo, saboda gyaran rediyo ne sana'arsa kafin 'yan siyasa su ɗauke shi ya riƙa haɗa musu lasifika a kan mota.

A bayan littafin lissafinta akwai sunaye arba'in da uku. Abokanta ne wai. Ko ɗaya ba ta taɓa gani da ido ba. Ta san wadda ta haihu a Dosso, ta san telan da kekensa ya lalace a Gusau, amma ka tambaye ta inda ta ajiye tsintsiya.

Yau na ji an kira sunanta sau huɗu. Gabana ya faɗi sau huɗu.

Talata, 17 ga Afrilu, da hantsi

Matar da muke katanga ɗaya da ita ta aiko a karɓar mata turminta. Shekara shida yana gidan nan. Da kanta ma ba ta shigo ba.

Asabar, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Mun je Shagari gaida Inna, mahaifiyar Baban Ladi. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Mun yi maganar zafi, mun yi maganar tsadar sabulu. Sai ta ga Ladi tana rubuta kati a kan gwiwa, ta ce, "Ke takwara, mi kika rubutu haka tun ɗazu?"

Sunan Inna aka sa wa Ladi, Khadijatu, shi ya sa ubanta ba ya kiranta da komai sai Uwata.

Ladi ta ce abokanta take gaisarwa. Inna ta ce ɗiyan wane gida ne. Ladi ta ce ba ta san gidajensu ba. Inna ta ajiye carbi ta dube ni kamar ni na yi laifin.

"Mu zamaninmu in kina son gaida mutum, ƙahwa kika ɗauka ki tai, ko ki ɗaure goro ki ba wanda za shi. Wanda ba ki taɓa cin tuwo da shi ba, mi za ki ce mai? In kin mutu shina zuwa gaisuwa?"

Ladi ta ce, "Za su hwaɗi a rediyo, Inna."

Inna ta ce Allah shi kyauta. Na yi dariya, karo na farko cikin wata guda, sai kuma na ji haushin kaina.

Lahadi, 22 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Sun dawo. Jami'an tsaron nan biyu dai masu neman Baban Ladi, da motar nan dai. Tambayoyin ma su ne, ba zan sake rubuta su ba. Na ba su amsar da na ba su wancan karon, don ita ce gaskiya: ban sani ba.

Da za su fita sai dogon ya ga Ladi a bakin madafi. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyar Mai Rediyo ke nan ko? Muna jin gaisuwarki duk mako." Ladi har ta ji daɗi. Ta ji daɗi!

Ranar dai, bayan la'asar

Na karɓe rediyon. Na sa shi a akwatin ƙarfena na aure, na kulle, na ɗaura makullin a bakin zane. Sauran katunanta guda bakwai na sa su a murhu tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Na fi so a ce ta yi.

Na ce mata daga yau sunan gidan nan ba zai sake fita iska ba. Muna ta ƙoƙarin a manta da mu, ita tana shelar mu kowane mako har ƙasar waje.

Litinin, 23 ga Afrilu, da safe

Ta gaishe ni. Ban da wannan ba ta ce komai ba.

Alhamis, 26 ga Afrilu, lokacin tara

Hedimasta ya ce an rufe iyakoki gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Ya faɗa ne ga kowa a ofis, amma ni yake kallo. Na ce to ni ina ruwana da iyaka. Na koma aji na rubuta kwanan wata a allo ba daidai ba, yara suka gyara min.

Lahadi, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar saura

Kwana arba'in. Ladi ta shimfiɗa tabarma a inda ta saba, ta zauna, hannunta a cinya babu komai. Na ce ta tashi ta je wajen 'yan'uwanta 'yan mata, ga su can suna gaɗa a bakin rijiya. Ta ce ba su kula ta yanzu. Na ce da can ma ai ke ce ba kya kula su. Na san ban kyauta ba.

Na share tsakar gida sau biyu. Babu abin sharewa.

Laraba, 2 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Na ƙwace wa yara biyu gwangwanayen madara a aji. Sun huda gindinsu sun zura zare, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, wai waya suke yi. Suna benci ɗaya fa. In suna son magana sai su juya kawai, amma a'a, sai ta zare ta fi daɗi.

Da nake ƙarama a Danchadi rediyo ɗaya ne a garin, a ƙofar gidan mai gari. Maza ke kewaye shi. Mu 'yan mata sai dai mu laɓe bayan zana da tallan gyaɗa a ka, mu ji mutum yana magana cikin akwati, mu ruga. Ƙawayena huɗu ne duk duniya, kuma na san warin man kan kowacce. Ban taɓa jin sun yi min kaɗan ba. Yanzu biyu sun rasu, ɗaya tana Legas, ɗayar kuma muna gari ɗaya, tun watan jiya ba ta tako gidan nan ba.

Na mayar wa yaran gwangwanayensu.

Lahadi, 6 ga Mayu, huɗu da rabi

Ta sake shimfiɗa tabarmar.

Juma'a, 11 ga Mayu, bayan masallaci

Haliru ƙanin Baban Ladi ya zo daga Shagari a kan keke. Ya zauna a zaure ya daɗe yana juya hula kafin ya ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yana so in ba shi irin geron da yayansa ya keɓe, don in ruwa ya sauka a shuka gonar gabas.

Na ce a'a. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, duk inda yake, ko ana tsakiyar kamfe ne, ranar shuka sai ya zo ya sari ramin farko da kansa. Haliru ya ce, "Yaya, ruwa ba su jiran kowa. Bana kuma ba mu san ko nawa za mu samu ba." Na ce na ji. Ban ba shi ba.

In na ba shi, me na ce ke nan?

Lahadi, 13 ga Mayu, kafin magariba

Na same ta a bayan ɗaki, ta hau turmin daka ta manna kunne a katanga, ko za ta tsinci shirin daga maƙwabta. Babu abin da ta ji. Rabin unguwar nan ba su da batir, sauran kuma sun koyi rage murya.

Na janyo ta ƙasa. Ta fizge hannunta ta ce, "Baba bai taɓa hana ni ba."

Na ce to ina Baban?

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Ta dube ni, na dube ta. Na shiga ɗaki na zauna a kan akwatin. Ina jin tsoro, wannan ita ce maganar. Ina jin tsoro tun daga safe har in kwanta, kuma yarinyar nan ce kaɗai abin da nake da ikon riƙewa.

Laraba, 16 ga Mayu, da safe

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Mai kananzir ne.

Lahadi, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Kwana sittin da ɗaya. Yau ba ta shimfiɗa tabarmar ba. Na zaci zan ji sanyi.

Talata, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Sai na rubuta wannan yanzu tun ban rikita shi ba.

Na dawo daga makaranta ke nan aka yi sallama. Wata mata ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, gajera, ƙafafunta duk ƙasa, tana warin albasa don a bayan motar albasa ta zo. Ta ce, "Nan na gidan Ɗiyar Mai Rediyo?" Na ce babu mai wannan sunan a nan. Sai ga Ladi ta leƙo. Matar ta ce, "Ke ta. Ni ta Mairo ta Dandin Mahe."

Ladi ta buɗe baki ta kasa rufewa. Wannan Mairo ita ce ta ɗaya a jerin arba'in da ukun nan. Ashe har wasiƙa suke yi ta gidan waya, shekara biyu, ban sani ba. Ladi ta ɗauka yarinya ce 'yar aji uku saboda rubutunta a karkace yake. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Na taɓa ce maki ni yarinya ta? Ɗiyana bakwai. Yaƙi da jahilci niy yi, shi as sa hannuna bai miƙe ba."

Na ba ta ruwa don dole. Ta sha, ta goge baki, ta ce mako huɗu ba a ji Ladi ba, mutane suna ta tambaya a rediyo ko lafiya. Amma ba wannan ya kawo ta ba.

Ta ce Lahadi uku a jere ana karanta katin wani baƙo daga Ƙwanni, can ƙetaren iyaka. Ta faɗi sunan. Sunansa ne na gida, wanda ake kiransa da shi a Shagari tun yana yaro, wanda babu shi a kowace takarda kuma ba wanda ya san shi da shi a Boɗinga. Ta ce mutum biyu kawai yake gaisarwa, Uwata ta Boɗinga, da mai alli.

Na ce ke yaya aka yi kika san mu ne?

"Ɗiyarki tar rubuto man. Tac ce babanta Uwata shika ce mata, innarta malamar makaranta ta, kuma ya yi tahiya ba a san ranar dawowa ba. Na ji na hwarko nic ce ko dacewa ta. Na ji na biyu. Na ukku ne yah hana ni zama."

Na juya zan yi wa Ladi faɗa, don me za ta kwashe sirrin gida ta ba wadda ba ta taɓa gani ba. Sai Mairo ta ci gaba.

Na ukun, na shekaranjiya, cewa ya yi in har aka ga watan azumi bai ji amsa ba, to ya san ba kowa a gidan, ko kuma an fi son ya yi shiru. Zai bi mota ya yi arewa neman aiki, inda rediyon nan ba ya kaiwa.

Yana da rai. Yana da rai, ya ɗauki mako uku yana kiranmu ta hanya ɗaya da ya tabbata ba za ta kuskure ba, don ya san ko sama za ta faɗo 'yarsa tana gaban rediyo ranar Lahadi. Ni kuma ina zaune a kan akwatin.

Na kwance makullin. Na bar batir a ciki ashe, zafi ya sa sun zubar da ruwa sun ɓata wajen. Kullum sai ya ce a riƙa cirewa. Ladi ta ɗauko toka da tsumma da ƙaramar wuƙa ta zauna tana kankarewa yadda ta ga yana yi. Mairo ta kwance ƙullinta, sai ga nata rediyon, ashe ko ina za ta da shi take tafiya. Ta zare batir huɗu ta ajiye a tabarma. Na ce ke fa? Ta ce za ta shiga maƙwabta.

Ko abinci ba ta tsaya ci ba, motar albasar na jiranta.

Laraba, 23 ga Mayu, da hantsi

Saura Lahadi ɗaya kafin azumi. Na ce mu rubuta kati yau. Ladi ta ce kati ta gidan waya ba zai samu shiga wannan Lahadin ba, akwai layi. Ta faɗa ba tare da ta dubi murhu ba, ni ce na duba.

Ta ce sai dai mu je da kanmu. Na ce wa hedimasta haƙori ke damuna.

Alhamis, 24 ga Mayu, kafin magariba

Mun je Sakkwato mun dawo. Ni ce babba, ni ce malama, amma Ladi ce ta san ƙofar da ake bi da sunan wanda za a nema, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Duk a rediyo ta ji.

Mai gabatar da shirin, Mainasara, ɗan siriri ne mai sanƙo. Da muryar nan tasa na ɗauka zai cika ƙofa. Da ya ji wace ce Ladi sai ya miƙe tsaye. "Ɗiyar Mai Rediyo! Ina kika shiga? Mutane sun dame ni." Na roƙe shi kada ya ambaci zuwanta. Ya dube ni ɗan lokaci, bai tambayi dalili ba.

Ya nuna min kwali cike da kati, ya ce ko na ba shi hannu da hannu sai an shiga azumi, don bi da bi ake yi kuma akwai mai dubawa. Sai Ladi ta ce, "Ai kuna da hilin baƙi. Wanda yaz zo da ƙahwa shina gaisuwa da bakinai." Ya yi dariya ya ce yarinyar nan ta fi shi sanin aikinsa.

Ladi ba za ta yi ba, akwai masu jiran muryarta. Saura ni.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, bango duk katifa. Ya ce in gwada. Na ce, mai alli ce daga Boɗinga, ina gaida wanda ya gaishe mu daga Ƙwanni. Ya tsayar da faifan. Ya ce tun da aka yi canjin gwamnati ba a sa gaisuwa babu suna, doka ce, in ba suna za a yanke.

Na ce to a sa mai gidana. Ya ce, "Malama, masu gida nawa ne a Ƙwanni?"

Shekara goma sha huɗu ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba, ko na gida ko na takarda. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran na ubana ba har ta koma ga Allah. In wani yaro a ajina yana da irin sunansa, da ɗan wane nake kiransa. A littafin nan ma, da ba mai karantawa sai ni, ban iya rubutawa ba. Yau ga ƙarfe a gaban bakina, a ce in faɗa Sakkwato ta ji, Shagari ta ji, Inna ta ji.

Na ce Mainasara ya faɗa a madadina. Ya ce filin baƙi da bakin baƙo ake yi. Ladi ta matso ta gyara min tsayin abin maganar, ta ce min a hankali, "Inna, kada ki matsa ƙwarai, shina hura iska. Ki rufe ido in kina so."

Na rufe ido. Na faɗa.

Na ce mun ji. Na ce iyayensa mata duka biyu suna lafiya. Na ce kada ya yi gaba.

A mota Ladi ta yi barci a kafaɗata, ta jiƙa min mayafi da yawu. Ban motsa ba har Boɗinga.

Asabar, 26 ga Mayu, da rana

Ladi ta jera batiran Mairo a rana a kan murfin kwano, wai suna ƙara ƙarfi. Duk wanda ya gifta sai ta ce ya yi hankali.

Lahadi, 27 ga Mayu, bayan la'asar, a Shagari

Na ce gara Inna ta ji a gabana da a kawo mata. Muka ɗauki rediyon a cikin kwando muka rufe da zane. Na faɗa mata abin da Mairo ta kawo. Carbin hannunta ya tsaya.

Sai wajen ƙarshen shirin aka sa. Ban gane muryar ba da farko, wata mata ce mai rawar murya kamar an kamo ta da sata. Da sunan ya fito na ja mayafi na rufe fuska. Haliru ya tashi ya fita zaure.

Da aka wuce zuwa wani, Inna ta ce, "Shi ke nan? Ba su maimaitawa?"

Ladi ta ce ba a maimaitawa.

Inna ta ce, "To shina ji? Can inda shike, yanzunga, shina ji?"

Ladi ta ce in yana gaban rediyo.

Inna ta miƙa hannu ta shafa rediyon ta sama, inda ya ɗan yi zafi. Ba ta ce min komai game da sunan ba. Da za mu tafi ta ɗaure goro biyu a leda ta ba Ladi, ta ce a kai wa matar Dandin Mahe.

Litinin, 28 ga Mayu, lokacin tara

Kowa ya gane muryar. Hedimasta ya ce yaya haƙori. Wata malama ta ce ashe na iya zamani. Ba wanda ya tambayi wa na gaisar, kuma ba wanda bai sani ba.

In su sun gane, su biyun nan fa?

Juma'a, 1 ga Yuni, da hantsi

An ga wata, yau ɗaya ga azumi. Ko dai yana Ƙwanni ko yana bayan mota. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na wanke kayan da na wanke jiya.

Idan ranar ba shi da batir fa? Idan ya gaji tun kafin Lahadin?

Lahadi, 3 ga Yuni, biyar da rabi

Mun saurara daga farko har ƙarshe. Mutum tara sun gaida mai alli ta Boɗinga, mutanen da ban sani ba, ban kuma san yadda katunansu suka tsallake layi ba, har da telan Gusau. Babu Ƙwanni.

Ladi ta ce katinsa sai ya sami mai bi ta daji ya kawo, kafin nan ya shiga layi. Ita ke ba ni haƙuri yanzu.

Laraba, 6 ga Yuni, da safe

Ruwa ya sauka jiya da yamma, mai kyau. Haliru ya zo tun da sassafe ya tsaya a zaure. Na ce ya ba ni zuwa Lahadi. Ya ce ƙasa za ta bushe. Na ce Lahadi.

Asabar, 9 ga Yuni, bayan azahar

Ba su dawo ba. Ban san ko in ji daɗin haka ba.

Lahadi, 10 ga Yuni, kafin shan ruwa

Tun ƙarfe huɗu na shimfiɗa tabarmar da kaina. Batiran sun yi sanyi, sai da muka haɗa kai a jikin rediyon, kunnena ɗaya nata ɗaya.

Kati na goma sha wani abu ne. Mainasara ya ce daga Ƙwanni, ya faɗi sunan, Ladi ta damƙe min hannu har yanzu akwai shaidar farcenta. Ya karanta a hankali, ina jin da gangan ya yi.

Yana gaida Uwata, yana gaida Inna, yana gaida Mairo ta Dandin Mahe ko wace ce ita, don duk wanda ya san shirin ya ce ita ce mai tashin waɗanda suka yi shiru. Ya ce ya ji, kuma motar ta tafi ba da shi ba. Ya ce a faɗa wa mai alli shekara goma sha huɗu yana ɗaki ɗaya da ita bai ji abin da ya ji ranar Lahadin nan ba, a rumfar mai shayi, cikin mutane, har aka tambaye shi ko hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Sannan ya ce a ba Haliru iri. A shuka gonar gabas, kada a jira shi.

Ladi ta yi tsalle ta zagaya tsakar gida. Ita farkon ta ji. Ni na ji har ƙarshe, na kuma san abin da kada a jira shi yake nufi a bakin mutumin da bai taɓa bari wani ya sari ramin farko ba. Bana dai ba zai zo ba.

Na shiga na jawo buhun irin zuwa zaure, da asuba Haliru zai zo. Na kwance makullin akwati daga bakin zanena na ba Ladi, na ce gobe in ta taso makaranta ta biya gidan waya ta sayo kati. Ta ce guda nawa. Na ce nata da nawa.

Ta ce, "Inna, ke za ki rubuta da hannunki fa. Sai da suna."

Na ce na sani. Ana ta kiran salla, kunun yana hucewa, ni kuma ina nan da biro. Gara in gwada a nan tukuna, kada in ɓata katin.

Ɗantani.